Amshin Da Na Haɗiye A Isa

Ku ɗiyana, da ku jikoki masu kunnen ƙashi, wannan babi don ku na zauna rubuta shi, kuma ban yarda a tsallake shi a ruga wurin labarin Makka ba. Ran sunan ɗiyar Hadiza ina zaune a zaure na ji ɗayanku, ba ni faɗin sunanshi amma ya san kanshi, shina gaya wa baƙi wai muna da wani kaka Arzika da ya bi Turawa ya ƙi gida. Na yi shiru don akwai surukai a wurin. To, yau babu surukai. Arzika wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma bai ƙi gida ba. Mai laifi a maganar ga shi ne wanda ke riƙe da alƙalamin nan, ni Nomau, sai ku gyara zama ku ji yadda anka yi.

Gidanmu a Kamarawa gidan kiɗan noma ne tun kakanni. In wani ya kira gayya, Baba shi ke rataya ganga ya bi bayan manoma, Arzika ya ba da waƙa, ni in ja amshi, sauran masu hauya su biyo ni. Ku na yanzu da kunka tashi da rediyo ba ku san nauyin amshi ba, kuna ganin ihu ne kawai. Mai waƙa jefawa yake yi ya yi shiru, ya bar maka gurbi, kai kuma ka cika shi kafin ya huce. In ya jefa anka bar shi, an tsinka shi ke nan gaban jama'a, gara ka mare shi. Tun ina ɗan shekara bakwai Baba ya koya mini wannan da bayan makaɗi, har yau in na shafa ƙeyata ina jin wurin. Akwai wata waƙa da Arzika ya ƙaga da kanshi, wadda ake yi in rana ta take, hannuwa sun mutu. Shi kullum shi ne gaba a noma, sai ya kai bakin gona ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ɗaga murya:

"Na kai ƙarshen kuyya, wa ab baya?"

Mu kuma mu ce:

"Mu na, ɗan Inna, juyo!"

Sai ya juyo ya kama sabuwar kuyya, ganga ta ɗauka. Iyakarta ke nan, sauran duk kirarin mai gona ne. Amma Inna in ta kawo mana hura ta ji an zo wurin ɗan Inna, sai ta ɗaure fuska ta ce mu dai ba mu da ta ido, alhali kowa ya ga daɗi take ji.

Shekarar da anka zo ɗibar samari zuwa yaƙin Turawa, maigari ya ce gidanmu a ba da mutum ɗaya, kuma ni anka nuna. Lokacin kakarku ba ta yi wata biyu da tarewa ba. Ina tsugune ina rawar jiki, ba ni ɓoye muku, sai Arzika ya miƙe ya ce wa maigari wannan ko jaki ya yi kuka firgita yake yi, ina shi ina bindiga, a rubuta shi. Anka yi dariya, anka rubuta shi. Haka ya tafi. Duk wanda ya fito daga tsatsona ya riƙe wannan tukuna, kafin ya buɗe baki a kan Arzika.

Yaƙi ya ƙare, wasu sunka dawo, wasu anka kawo labarinsu, shi ko shiru. Sai wani tsohon soja na Sabon Birni ya biyo ta garinmu, Baba ya sa anka shimfiɗa mishi tabarma. Ya ce Arzika na nan da rai a Ikko. Wai wani Baturen badujala ya ji shi shina waƙa wurin wanki, ya ɗauke shi daga layi, ya koya mishi irin waƙarsu da ake dubawa a takarda. Ya ce yanzu har a faifan garmaho ana sa shi. Da ya tsaya nan da an yi murna. Amma mutumin ga bakinshi ba linzami, ya ƙara da cewa ran Lahadi a coci yake tsayawa shina rera musu, kai ba hula. Sai Baba ya ce a naɗe tabarma.

"Ɗa guda gare ni," in ji shi. "Wanda ya ƙara kiran sunan wancan cikin gidan ga, shi bi shi."

Inna dai ta ɗauki hauyar Arzika ta kai ɗakinta ta soke a tanka, kuma duk damina sai na ga ta sauko da ita ta goge. Ni kuma gayya ta zame mini wahala. Ni na koma ba da waƙa, muryata kuwa ta amshi ce, ba ta da gaba. Waƙar kuyya ban ƙara taɓa ta ba, ba wanda ya hana ni, baki ne ya ƙi.

Wajen shekara uku bayan haka wani tela a kasuwar Sabon Birni ya sayo garmaho don ya jawo mutane, kuma cikin fayafayanshi akwai na Kofur Arzika, haka ake kiranshi. Ranar da na fara ji, na je sayar da wake ne. Na jiyo wata murya daga rumfar tela tana hawa, tana hawa, tana rawa can sama kamar ba ta saukowa, rabi Hausa rabi Turanci, da wani kiɗa a ƙarƙashinta da ban taɓa ji ba. Na ce wannan wane irin kuka ne. Sai ya ja wata kalma ya karya ta a ƙarshe yadda yake yi tun muna yara, ai sai na zauna a ƙasa, wake ya zube. Dattawa cewa suke yi wannan ba waƙa ba ce, ciwon ciki ne, amma ba su tashi sai an ƙare. Mata masu nono su sauke ƙore su tsaya. Akwai masu zuwa daga Tsamaye, har daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulki, ba su sayen ko allura, faifan kawai ya kawo su. Shugabansu wani Bafillace ne, Labbo, makiyayi, dogo, wanda ya haddace har Turancin yana rera wa shanunshi. Shi ya fara lura da ni, ya ce muryar cikin akwati da tawa nono ɗaya sunka sha. Na rantsar da shi kada ya faɗa. Daga nan ba kasuwar da ta wuce ni, kullum da dalilin da nake ƙaga wa Baba. Kewa ce, ɗiyana, kewa ce irin wadda ba ta barin mutum ya ci tuwo ya ƙoshi.

Da kakar gyaɗa ta wannan shekara Labbo ya iske ni a gona ina ɗaurin kara, shina haki.

"Nomau, ka ji? Mutumin namu za shi zo Isa, da kanshi, ba cikin akwati ba. Akawunan kanti sunka kira shi. An ce bikin Kirsimatu za a yi."

Na ce, "Wace Kirsimatu?"

"Oho. Ɗiyar wani babba ta dai, tunda har daga Ikko aka ɗauko mata mawaƙi."

Ban gaya wa kowa ba a gida, amma magana ba ta da ƙafa sai ga ta a ɗakin Inna. Ana jibi biki ta kira ni, tana tsinkar zogale, ba ta ko dube ni ba.

"Za ka tahi Isa?"

"Za ni, Inna, in kin yarda."

"Ka gano mini shi. Ka duba ko ya rame. In har yanzu namu na, kai za ka sani, ba sai an hwaɗa ma ba. In ka ga hanya, ka taho mini da shi, ni na san yadda za ni yi da ubanku."

Ranar tafiya na yi sammako don kada mu haɗu da Baba, sai na iske shi zaune a ƙofar zaure ya lulluɓa da bargo, shina jan tasbaha. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce za ni Isa duba wani ɗan maraƙi.

"Na san maraƙin," ya ce. "Ban hana ka ba. Amma ka tahi da kunnuwanka, ka bar bakinka gida."

Na ce to.

A hanya munka haɗu da Labbo da mutanenshi, sun kwana bisa hanya daga Tsamaye, ga na Sabon Birni har da telan nan ya rufe rumfa. Kowa ya ci ado kamar ranar salla. Labbo ya ɗauko ƙwaryar kindirmo da curin man shanu, wai ba a zuwa biki hannu rabbana, gudummawar amarya ce. Duk hanya gardama ake yi, wani ya ce Arzika ya yi fari don cin abincin Turawa, wani ya ce an yi mishi aiki a maƙogwaro an sa ƙarfe. Ni dai ina baya ina jinsu.

A wata babbar rumfar awon gyaɗa anka shirya abin. An share ta, an jingine buhuna a bango, an rataya ganyen dabino da wasu takardu masu launi. Gaba an jera bencina na akawuna da matansu, da kujeru biyu na Turawan kamfani, mu kuma tabarmi a baya. Mai tsaron ƙofa shi ne babban akawu, wani Bayarabe kakkaura da ya daɗe a Isa har Hausa ta zauna a bakinshi. Kun san tsakaninmu da Yarbawa akwai wasa, to da ya ga zanen fuskata sai ya washe baki.

"A'a, ga bayina Gobirawa sun iso. Mi kunka kawo wa ubangijinku?"

Na ce, "Yaushe bawa ya samu wando har shika tsaron ƙohwa?"

Labbo ya miƙa ƙwarya ya ce a kai wa amarya Kirsimatu, Allah ya ba da zaman lafiya. Akawu ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Da ya samu numfashi ya ce ba wata amarya, haihuwar Annabi Isa suke murna.

"Alaihis salamu," in ji Labbo, ko a jikinshi. "Ashe suna na. Haihuwar Isa cikin garin Isa, ai an zo gida. To nono bai ɓaci ba, a ba mai jego."

Kafin a fara, bayan la'asar, Akawu ya tsaya gabanmu mu 'yan tabarma, wasa ya ƙare, ya ɗaga yatsa.

"Ku ji da kyau. Wannan ba gayya ba ce, ba dambe ba ne. Ba guɗa, ba kirari, ba liƙi, ba amshi. Irin wannan waƙa shiru ake mata. In ya gama, ku tafa. Wanda ya yi magana a tsakiya ya kunyata mutuminku gaban Bature, a ce daga daji ya fito."

Maganar nan ta shige ni fiye da kowa. Na ce a raina, wannan bawan Allah ya tafi yaƙi a madadina, ya sha wuya har ya kai inda Bature ke zama ya saurare shi, ba ni ne za ni zubar mishi da mutunci ba.

Sai ga shi ya fito. Wayyo, Arzika. Baƙin kwat, da wani ƙyalle a wuya, kai ba hula kamar yadda anka faɗa, an tsaga gashi a gefe. Bai yi fari ba, bai rame ba, sai dai ya yi furfura a gefen kunne tun bai isa ba. Zanenmu na nan a kumatunshi, wannan ba kwat da za ta rufe shi. Tare da shi akwai wani siririn mutum da ya zauna gaban wani akwati mai haƙora farare, shina taka shi da ƙafa, akwatin na numfashi kamar zugazugin maƙeri. Arzika ya haɗa hannuwa a ciki, ya buɗe baki, rumfar nan ta cika. Garmaho ashe ƙarya yake mana, rabin muryar yake ba mu. Ya yi na Turanci uku ko huɗu, matan akawuna na share hawaye, ɗaya Baturen ya rufe ido shina motsa leɓe. Mu a baya ba mu jin ko kalma, amma tela ya kama hannuna ya matse har ya yi mini ciwo. Wata tsohuwa mai ƙosai guɗa ta taso mata, ta cusa bakin zanenta a baki. In ya gama mu tafa, ba mu iya ba ma, wasu na tafi irin na 'yan mata a dandali. Sannan ya yi wasu da Hausa, irin na faifai, Labbo na binshi da leɓe ba sauti, hawaye na bin gemunshi.

Tun waƙa ta biyu na san ya gan ni. Idonshi ya bi tabarmi ɗaya ɗaya, ya zo kaina ya tsaya, ya wuce, ya dawo. Na sunkuyar da kai.

Da rana ta yi ja, ya ce da Hausa, Hausarmu ta gida ba ta bariki ba, saura guda ɗaya, kuma wannan ba ta cikin takarda. Mai akwati ya fara wani kiɗa a hankali. Ban gane ta ba da fari, don an ja ta, an kwantar da ita, ba ganga. Sai na ji:

"Na kai ƙarshen kuyya, wa ab baya?"

Ya yi shiru. Mai akwati ma ya ɗage hannuwanshi daga haƙoran nan ya riƙe su a sama. Ku lura da wannan, don ni ban lura ba sai daga baya: an shirya gurbin ne, an gaya wa mai akwati ya jira. Amshi ya taso mini tun daga cibiya, ya zo maƙogwaro, har bakina ya buɗe. Sai na hangi ƙeyar Baturen, na hangi Akawu tsaye a gefe shina zare ido, na tuna Baba cikin bargo. Na haɗiye. Kiɗa ya ci gaba.

Ya zaga ya sake jefawa. Labbo ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Nomau, kai shika kira."

"Yi shiru," na ce, "kada mu ba shi kumya."

Mu nan muna cewa kuyya ga ta gona, kumya ga ta fuska. Kanawa duk biyun kunya suke ce musu, da can ina yi musu dariya. Ranar nan na daina.

Na ukun ya matso har bakin bencin gaba, ya saki hannuwan da ya haɗa, ya dube ni sosai, ba rera ta ya yi irin ta Turawa ba, jefa ta ya yi kamar muna gonar maigari. Kuma ya daɗe shina jira. Ya daɗe har Turawan sunka dubi juna, har na ji kukan tunkiya a bayan rumfa. Kalma biyar ce, ɗiyana. Na faɗe su sau dubu a gonakin mutane don a ba ni hura. Ina zaune ina ce wa kaina bari a tashi, in same shi mu biyu, in faɗa mishi har da saƙon Inna. Sai ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya koma wurinshi, ya ƙarasa waƙar. Anka tafa, har da ni.

Jama'a ta rufe shi, Turawa na ba shi hannu, 'yan tabarma na turereniya kowa na son ya taɓa kwat ɗin. Na ce ba ni gaisawa da wana a cikin wannan ruɗani, shekara nawa ba mu gana ba. Ana kiran magariba, na zaga bakin rijiya na yi alwala na ta da salla. Ina raka'a ta biyu na ji motar gyaɗa ta tashi. Ban kawo komi a raina ba, mota ai kullum tashi take yi. Da na sallame na dawo, rumfa ta watse, sai Akawu tsaye da wani abu a naɗe cikin takarda. Bai kira ni bawa ba.

"Kai ne na Kamarawa? Ya tafi. Jirgin ƙasa zai tara a Ƙaura. Ya ce in ba ka wannan, kuma in gaya maka ya ji amsar gida."

Na ce wace amsa, ai ban ce komi ba.

"To, haka dai ya ce." Sannan ya ƙara da cewa, "Da safe ya sa an sauke akwatin kayanshi an kai ɗakina, ya ce wa direba ƙila ba da shi za a koma ba. Yanzu da ya fito ya ce a mayar. Kai, Bagobiri, mene ne tsakaninku?"

Da na gaya mishi, mutumin nan ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce shi bai sani ba, ba wanda ya gaya mishi, da ya sani da shi da kanshi zai ce in amsa. Ban riƙe shi da komi ba. Shi dokar wurinshi ya faɗa, ni ne na san tawa na bari.

Da asuba na kama hanyar Ƙaura a ƙasa, Labbo ya raka ni. Mun iske jirgi ya tafi tun jiya. Akawu ya rubuta mana wasiƙa har biyu zuwa Ikko, ba amsa, daga baya anka ce ya bar can ya bi jirgin ruwa zuwa wata ƙasa. Ko wasiƙun sun same shi, ban sani ba. Ko ya bar salla ko bai bari ba, wannan ma ban sani ba, kuma ku ma ba ku sani ba, saboda haka ku kama bakinku. Akawu dai ya ce ya ga tasbaha a aljihun kwat ɗin.

Da na dawo gida Inna na bakin murhu. Ta dubi bayana tukuna, sannan ta dube ni.

"Ya rame?"

"Bai rame ba, Inna."

"Ya kira?"

Ban taɓa gaya mata zai kira ba, ita ta san ɗanta. Na ce ya kira, har sau uku.

"Ka amsa?"

Na girgiza kai. Ta juya ta ci gaba da tuƙin tuwo. Ba ta zage ni ba, ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya bayan damina biyu, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da ke cikin takardar faifai ne sabo, wanda bai iso kasuwa ba. Na kai wa tela ya ɗora. Waƙar kuyya ce, kuma tun a Ikko da anka ɗauke ta ya bar gurbin nan, sau uku, ba abin da kake ji sai sassarfar allura. Nan cikin kasuwa, gaban masu nono da masu wake, na buɗe baki na amsa da iyakar ƙarfina. Mutane sunka zaci na taɓu.

Baba ya yi tsawon rai, har idonshi ya tafi. A ciwonshi na ƙarshe, wata rana da hantsi ina gyara mishi shimfiɗa, ya ce an ce ina da wani faifai. Na ce e. Ya ce a aro akwatin tela. Na je har Sabon Birni na ɗauko bisa jaki. Ya saurara, yatsunshi na kaɗa ganga bisa bargo, ya ce an kashe kiɗan, an mai da shi na makoki. Da anka zo gurbin fari ya juyo da fuska wajena.

"Haka ya yi a Isa?"

"Haka ya yi, Baba."

"Kai ko kay yi shiru?"

"Kai kac ce in bar bakina gida."

"Kai, Nomau! Sau nawa nika hana ka abu kana yi? Sai ran nan kaɗai ka ga damar jin magana?"

Ya ce a sake ɗorawa. Da Arzika ya jefa, tsohon nan da ya yi shekara goma sha bai kira sunanshi ba ya riga ni, da 'yar muryar da ta rage mishi. Munka amsa tare, duk ukun.

Faifan na nan cikin adakata, ƙarƙashin rigar salla, naɗe cikin zanen Inna. Ya goge, murya ta yi nisa, an ce mini garmahon da na saya daga baya ma ba a samun allurarshi yanzu. Ku nemo. Ban bar muku wasiyyar gona ba, wannan shari'a ta riga ta raba. Wasiyyata ita ce, duk ranar da ɗayanku ya ɗora faifan ga, ko gaban wa yake, ko gwamna ne zaune, in ya ji kakanku ya tambaya wa ab baya, kada ya tsaya duban fuskar kowa. Kalma biyar ce, na rubuta muku su a sama. Ni ina faɗinsu kullum bayan la'asar, ko da faifai ko babu, kuma har yau in na faɗa sai na ɗan saurara wajen ƙofar zaure.